Lauyan soja da siyasa: idan oda ta zo da launin jam'iyya, me zai ce wa kwamanda?

Yar_Kongo ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga lauyoyi da tsofaffin sojojin da ke nan. Ina haɗa takardar aji kan sassan shari'a na rundunonin sojan Najeriya, sai na cije a wuri guda. Lauyan soja hafsa ne mai kaki, yana sara wa na gaba da shi, kuma rahoton shekara da ake dubawa wajen ƙarin girma na gaba da shi ne ke rubutawa. Kwamandan da yake ba shawara shi ma oda yake karɓa daga sama, can ƙarshen layin kuwa ministan tsaro ne da shugaban ƙasa, kowannensu ɗan jam'iyya. To ina lauyan nan zai samu wurin tsayawa har ya ce ba ruwansa da siyasa?

Abin da nake son sani a aikace: idan aka ce a tura sojoji wata ƙaramar hukuma ana gobe zaɓe, me yake dubawa? Idan ya ce doka ba ta yarda ba, kwamanda ya ce shi dai sai an yi, me ke biyo baya? A kotun soja kuma, yana da ta cewa a hukunci? Na gode.

Barista_Kurmi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara raba aikin, domin ana yawan cakuɗa shi. Akwai lauyan da ke zaune kusa da kwamanda yana ba shi shawara kan aikin da za a fita. Akwai lauyoyin kotun soja. Akwai kuma na ofis, masu duba kwangila da filayen bariki da ƙararrakin da farar hula ke shigarwa. Rabin tambayarki ta farko a kan na farkon take, shi zan ɗauka.

Tushen kujerarsa a dokar duniya shi ne sashe na 82 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1977, wadda aka ɗora a kan yarjejeniyoyin Geneva na 1949. Sashen ya wajabta wa ƙasashe su tanadi masu ba kwamandoji shawara kan dokar yaƙi da kuma yadda za a koyar da ita ga sojoji. Najeriya ta amince da ita a 1988. Ki lura, shawara aka ce. Lauya ba ya ba da oda, ba ya soke oda. Kwamanda ne ke yanke magana, kuma shi ne zai amsa tambaya idan abin ya ɓaci.

Rashin ɓangaranci kuwa ba ya nufin ƙin bin gwamnatin farar hula. Sashe na 218 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon tsara yadda za a yi amfani da sojoji, soja kuma ba shi da hurumin cewa manufar gwamnati ba ta yi masa ba. Abin da ake nema a wurin lauya shi ne amsarsa ta tsaya a kan doka, ko wace jam'iyya ce za ta ji daɗinta. Gwajin mai sauƙi ne: a cire sunan jam'iyyar da ke mulki a sa na 'yar adawa, a sake karanta shawarar. Idan ta canza, da ma can ba ta shari'a ba ce.

Ga abin da yake bi idan maganar zaɓe ce. Na farko, wa ya nemi sojojin, kuma a rubuce? Sashe na 217(2)(c) ya ce soja na taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda ne idan shugaban ƙasa ya kira su, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya ta gindaya. Gwamna ba shi da ikon ba soja oda, balle shugaban jam'iyya ko ɗan takara ko wani minista da ya sauka a jihar da jerin gwanon motoci. Kiran waya daga gidan gwamnati ba takarda ba ce. Nan ne aka fi zamewa, domin gwamnoni na saya wa rundunonin haɗin gwiwa motoci da mai, sai kwamanda ya ji nauyin ƙin biyan buƙatarsu.

Na biyu, aikin me za su yi? Sashe na 27(3) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ɗora wa INEC alhakin neman jami'an tsaro, ya kuma taƙaita abin da za ta nemi sojoji dominsa: tsaron rarraba kayan zaɓe da kai su, da kare ma'aikatan zaɓe. 'Yan sanda ne jagorori a tsaron zaɓe. Saboda haka idan takardar aiki ta ce sojoji su tsaya a rumfar zaɓe, ko su shiga ɗakin tattara sakamako, ko su riƙe jerin sunayen wakilan wata jam'iyya, lauya zai ja layi a ƙarƙashin wannan sakin. Yana da madogara a kotu ma. A Janairun 2015 Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ta yanke cewa ba a sa sojoji cikin gudanar da zaɓe ba tare da dokar Majalisa ba, sannan a watan da ya biyo Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ja kunne sosai kan haka a shari'ar zaɓen gwamnan Ekiti na 2014.

Na uku, ƙa'idojin buɗe wuta. Zaɓe ba yaƙi ba ne, dokar yaƙi ba ta shiga nan. Sashe na 33 na tsarin mulki, na haƙƙin rayuwa, shi ne ma'auni, wato ƙarfi daidai larura. Lauya nagari zai matse ƙa'idojin su shiga kati ɗaya da kurtu zai sa a aljihu: gargaɗi da baki, ƙarfi mafi ƙanƙanta, harbi sai don kare rai. Idan ƙa'idar ta kai shafi goma, babu wanda zai tuna da ita a shingen hanya da ƙarfe biyun dare.

Na huɗu, wanda aka kama. A miƙa shi ga 'yan sanda nan take, a rubuta sunansa da lokaci da dalili. Sashe na 35 ya ba da kwana ɗaya a kai mutum kotu idan akwai kotu cikin kilomita 40, kwana biyu idan babu. Tsare wakilin jam'iyya a bariki daga Juma'a zuwa Litinin, a sake shi bayan an faɗi sakamako ba tare da tuhuma ba, hanya ce ta karkatar da zaɓe da kaki ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Manjo_Mai_Ritaya ya amsa:

Barista ya gama da fili, bari in ɗauki kotu, domin a ganina can matsalar ta fi zurfi.

Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta tanadi kotun soja iri biyu a sashe na 129. Babbar tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman kuma shugaba da mambobi aƙalla biyu. Kowacce tana da mamba ɗan jira, da jami'in tuntuɓa, da lauya mai yi wa kotun jagora kan doka. Wannan lauyan hafsa ne da ya kai aƙalla shekara uku da zama lauya. Mambobin ba sai sun karanta shari'a ba, hafsoshi ne kawai da suka cika shekarun aiki.

Amsar tambayarki, 'yata: ba shi da ƙuri'a. Yana faɗa wa kotu ko hujja ta karɓu ko ba ta karɓu ba, yana taƙaita shaida da doka a bainar jama'a kafin su shiga shawara, sannan ya fita. Ba ya zama da su lokacin da suke yanke ko mutum ya yi laifi. Kuskuren da ke rushe shari'o'i a sama iri biyu ne, ko lauyan ya koma kamar mai gabatar da ƙara na biyu yana yi wa wanda ake tuhuma tambayoyin ƙure, ko taƙaitawarsa ta karkata har mambobi su fahimci abin da ake so su yanke. Sashe na 240 na tsarin mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ikon sauraron ƙara daga kotun soja, kuma sashe na 36, na sauraron kowane ɓangare da adalci, bai tsaya a ƙofar bariki ba.

Yanzu ki duba wa ke kafa kotun. Hafsa guda ne ke ba da odar kafa ta, shi ke naɗa shugaba da mambobi da lauyan jagora, galibi kuma duk a ƙarƙashinsa suke aiki. Bayan hukunci sai an tabbatar da shi kafin ya fara aiki. Idan hafsan sojan ƙasa ne aka hukunta, maganar tana zuwa Majalisar Sojan Ƙasa, shugabanta kuwa ministan tsaro ne. Ga ƙofar siyasa nan a buɗe, doka ce da kanta ta buɗe ta.

Ingila, wadda muka gaji tsarin daga wurinta, ta bar shi. A 1997 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam, a shari'ar wani soja mai suna Findlay, ta ce kotun da hafsa guda ya zaɓi tuhuma, ya naɗa mambobi daga na ƙasa da shi, ya kuma tabbatar da hukunci, ba za a kira ta mai zaman kanta ba. Dokarsu ta 1996 ta raba waɗannan ayyuka hannu daban-daban, kuma alƙalan kotun sojansu farar hula ne. Kotun Ƙolin Kanada ta riga su faɗin irin haka a 1992. Mu har yanzu muna kan tsohon.

Ki ɗauki shari'ar barikin Maimalari a matsayin darasi. A Mayun 2014 sojoji suka harbi motar kwamandan runduna ta 7 a Maiduguri bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu. A Satumba aka yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disamba wata kotun ta yanke wa 54 irin wannan hukunci kan ƙin fita yaƙi. Hujjar masu kare su ita ce rashin isassun makamai, magana ce kuma da ke taɓa gwamnati ana dab da zaɓen 2015. Bayan an canza gwamnati, a Disamban 2015, aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Ba ina cewa bore ba laifi ba ne, babban laifi ne. Amma lauyan da ke jagorar irin wannan kotu, ko zai bari a shigar da shaida kan makamai ko zai ce ba ta da alaƙa da tuhumar, a nan ake gane ko na doka ne ko na wanda ya naɗa shi.

Dan_Sabon_Gari ya amsa:

Yallaɓai Manjo, da girmamawa, duk wannan a takarda ne. Kyaftin ne zai kalli manjo janar ya ce masa a'a? Gobe da safe zai ga sunansa a takardar canjin wurin aiki. A 1995 ma kotun soja ta musamman da Birgediya Patrick Aziza ya shugabanta, wadda ta ɗaure Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ai har da lauyan soja cikin waɗanda ta hukunta, Kanar Bello-Fadile. In doka ba ta kare lauyan kansa ba, wa zai kare?

Hajiya_Lauya ta amsa:

Malam Dan_Sabon_Gari, 1995 mulkin soja ne, an jingine tsarin mulki, kuma waccan kotun ba ta da ɗaukaka ƙara zuwa kotunan farar hula. Kada mu haɗa ta da yau. Amma tsoron da ka ambata gaskiya ne, kuma shi ya kawo mu rabin tambayar da ba a amsa ba: kwamanda ya ƙi jin shawara, sai me?

Lauya ba ya fara da a'a. Yana fara da tambayar me ake son cimmawa, domin sau da yawa akwai halastacciyar hanya zuwa wurin. Kwamanda na tsoron za a ƙona ofishin INEC? A sa sojoji a zobe na waje, 'yan sanda a ƙofa, a nemi takardar buƙata daga kwamishinan zaɓe na jihar. Lauyan da bai iya komai ba sai hanawa, da sannu za a daina kiransa taro, shawararsa kuma ta zama ba ta da amfani ga kowa.

Idan babu halastacciyar hanya, sai ya rubuta. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka gaya masa, tambayar da aka yi, sashen doka, amsa a fili, da abin da zai iya faruwa ga kwamanda da yaransa. Kwanan wata da lokaci da sa hannu, kwafi a fayil. Wajibi ne ya bambanta abu uku da kalmomi daban: wannan haramun ne a doka, wannan halas ne amma akwai haɗarin ƙara, wannan halas ne amma ni ban ga hikimarsa ba. Na ukun nan shi ne tarkon lauya mai ra'ayi. Idan ya riƙa sa wa abin da ba ya so rigar haramci saboda gwamnatin ba tasa ba ce, shi ma ya shiga siyasa, ta ɗaya ƙofar kawai ya bi.

Daga nan yana da layi na biyu, wato ya kai maganar ga babban lauyan runduna ta sama har zuwa daraktan sashen shari'a a hedikwata. Wannan ba tsallake kwamanda ba ne, kuma ladabin aikin shi ne ya gaya masa zai yi hakan. Abin da ba zai yi ba shi ne ya miƙa wa 'yan jarida ko 'yan adawa takardar, ko ya hau Facebook.

Idan odar ƙarara haramun ce, kamar harbin masu zanga-zanga marasa makami ko azabtar da wanda aka tsare, ba ya sa hannu, kuma yana faɗa wa kwamanda cewa "an umarce ni" ba za ta fisshe kowa ba. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne. Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Najeriya kuma ta shiga a 2001, ta ɗora wa kwamanda alhakin abin da yaransa suka yi idan ya sani ko ya kamata ya sani, a sashe na 28. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda wani lokaci ta fi shiga kunne: a 2013 Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya mutanen garin Odi na jihar Bayelsa naira biliyan 37.6 kan abin da sojoji suka yi a garin a 1999.

Takardar nan da kake rainawa ta yi aiki a wani wuri. A 2003 manyan lauyoyin sojan Amurka sun rubuta ƙin amincewarsu da hanyoyin tsananta wa fursunoni wajen tambaya, waɗanda lauyoyin gwamnati 'yan naɗin siyasa suka halasta. A lokacin ba a saurare su ba. Da asirin azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi ya tonu a 2004, majalisarsu ta yi dokar da ta hana kowane jami'in ma'aikatar tsaro tsoma baki a shawarar da lauyoyin soja ke bayarwa. Sai dai dokar ba ta hana cire mutum daga kujera ba. A Fabrairun 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya sauke manyan lauyoyin sojan ƙasa da na sama, ya ce yana son lauyoyin da ba za su zama shinge ga umarnin shugaban ƙasa ba. Masu suka suka ce ai zama shinge ga haramtacciyar oda shi ne aikin. Ka ga ko a can ba a gama wannan gardamar ba.

Yar_Kongo ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. Hajiya, to idan hafsa ne da kansa ake zargi da yi wa jam'iyya aiki, sabuwar gwamnati kuma tana son a kore shi? Lauyan soja na gefen wa?

Barista_Kurmi ya amsa:

Wannan ta faru, kuma misali ne mai kyau domin yana yanka ta kowane gefe. Bayan zaɓen Ekiti na Yunin 2014, wani hafsa, Kyaftin Sagir Koli, ya fitar da faifan murya na wani taro tsakanin kwamandan birged da wasu 'yan siyasa, wanda aka yi zargin na shirya maguɗin zaɓen ne. Da gwamnati ta canza, rundunar sojan ƙasa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, ya miƙa rahoto a Janairun 2016. A Yunin 2016 aka yi wa hafsoshi 38 ritayar dole, aka ce saboda shiga siyasa da kuma badaƙalar sayen makamai. Wasu daga cikinsu suka tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suka ce ba a taɓa tuhumarsu ba, ba a kira su gaban kwamiti ko kotun soja ba. Kotu ta ba wasunsu gaskiya, ta ce a maida su bakin aiki.

Shawarar da ta kamata a nan a bayyane take. Kwamitin bincike mai tattara bayani ne, ba ya hukunta kowa. Idan akwai hujja, a rubuta tuhuma, a ba mutum kwafi da lokacin shiri da lauyan da ya zaɓa, a kafa kotu. Idan babu, a bar shi. Haɗa mai laifi da marar laifi a takarda ɗaya yana jawo asara biyu: wanda ya yi wa jam'iyya aiki da gaske ya samu mafaka cikin waɗanda aka zalunta, sauran hafsoshi kuma su koyi cewa abin da ke kare mutum shi ne ya san wa zai ci zaɓe na gaba.

Manjo_Mai_Ritaya ya ƙara:

In kina neman gyaran da za ki kawo a takardarki, 'yata, ga inda zan sa hannu. Rahoton shekara na lauya da canjin wurin aikinsa su koma hannun daraktan shari'a kacokan, kwamandan da yake ba shawara ya rubuta ra'ayinsa kawai. Lauyoyin jagorar kotu a ware su rukuni guda mai wa'adi, kada mai kafa kotu ya zaɓi wanda yake so. Mai gabatar da ƙara shi ma ya fito daga ofis daban, kuma wanda ya ba kwamanda shawarar a tuhumi mutum kada ya sake bayyana a shari'ar da wata hular.

Hajiya za ta ce idan aka nisanta lauya da kwamanda da yawa, za a riƙa yin taron shirin aiki ba tare da shi ba, a kira shi bayan an gama. Haka ne, shi ya sa gyaran ba ya tsayawa shi kaɗai. Sai an rubuta a ƙa'idar aiki cewa odar fita taimakon farar hula, da jerin wuraren da za a kai wa hari ta sama, da duk tsarewar da ta wuce kwana biyu, ba sa wucewa sai da shafin lauya a manne, ko ya yarda ko bai yarda ba. Kwamanda na iya tsallake shawarar, amma sai ya rubuta dalilinsa a ƙasan shafin ya sa hannu.